Hular kwano ta ranar baƙi

Jiya da safe aka buɗe sito aka raba mana sababbin hulunan kwano da safar hannu da tabarau, har da abin toshe kunne, kowanne cikin ledarsa. Duk wanda ya shekara a masana'antar nan ya san ma'anar wannan karamci: masu bincike na tafe. An share fili, an ja layukan rawaya a ƙasa, an mayar da murfin injin yanka ƙarfe da ya yi wata bakwai jingine da bango. Motar baƙi na fita da yamma, sai ga mai sito da littafinsa: "Malamai, a maido kaya." Na cire hular na miƙa masa, raina kuwa in ya yi dubu ya ɓaci.

Shekarata goma sha ɗaya ina walda a nan, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne mutanen nan sun san aiki sarai. Idan ɗinkin walda ya kauce da milimita ɗaya, mai duba inganci zai shafa masa jan fenti, a dawo da shi, a rubuta sunanka, a zaftare maka alawus. Kowace sandar ƙarfe da lambarta, an san ranar da aka narka ta, an san hannun da ya taɓa ta. To, huhuna fa? Wa ya taɓa auna shi?

A ofishin manaja akwai takardun shaida biyu cikin gilashi. Ɗaya ta ISO 9001 ce, ta ingancin kaya. Ɗayar ISO 45001, ƙa'idar lafiya da kariyar ma'aikata da ta fito a 2018. Na sa an karanta mini ita. Cewa ta yi a fara da kawar da haɗarin kansa, in ya gagara a sauya hanyar aikin ko a killace shi da na'ura, kayan kariya na jiki su ne matakin ƙarshe. Ta kuma ce a riƙa tuntuɓar ma'aikata. Mu nan ko matakin ƙarshen aronsa ake ba mu na wuni guda.

Injin zuƙe hayaƙi na sashenmu ya mutu tun bara. Tun 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda a rukunin farko na abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam ciwon daji, shi muke shaƙa daga safe zuwa yamma. Ranar da aka kawo ƙarfe mai rufin tutiya kuwa, kowa ya san yadda darensa zai kasance: zazzaɓi, rawar ɗari, maƙogwaro a bushe, baki na ɗanɗanon ƙarfe. Washegari ka warware, ka koma, ka sake shaƙa. Na gaya wa shugaban sashenmu, ya ce, "Haba Malam, kai da ka saba? Ka sha magani kawai." Na ce, "Ranka ya daɗe, da hayaƙi ake sabo?" Ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Ƙara ma haka. Masana sun ce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na tsawon awa takwas ya isa ya fara cin kunne, injin goge ƙarfe kuwa ya zarce nan, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Dattijon da ya koya mini aiki yanzu sai ka dafa kafaɗarsa kafin ya san da shi kake.

Amma abin da ya sa tura ta kai bango shi ne na yaron da ke kan injin matse ƙarfe. Faranti ya maƙale, ya kashe injin ya zura hannu. Ƙa'ida ita ce ya sa wa makunnin kwaɗo, mabuɗin na aljihunsa, har sai ya gama. Kwaɗon babu, an ce yana ɓata lokaci. Wani ya zo bai gan shi ba, ya danna. Yatsu biyu suka tafi a kan idona. A takarda aka rubuta "sakacin ma'aikaci". Allon da ke bakin ƙofa, wanda ke ƙirga kwanakin da aka yi ba haɗari, ko sifili ba a mayar da shi ba. Lambar na nan tana hawa, baƙin jiya har hotonta suka ɗauka.

Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun 1981, ta ce bai kamata ma'aikaci ya kashe ko sisi kan kariyarsa ba, kuma in ya ga haɗarin da zai iya cin ransa ya janye daga aikin, kada a hukunta shi. Ni takalmin da ke ƙafata da guminna na saya. Wanda ya ce ba zai hau injin da ba murfi ba kuwa, sai a nuna masa masu jiran aiki a bakin ƙofa.

Ku kuma masu bincike, da ku nake. Kun aiko da ranar zuwanku tun wata guda, an zagaya da ku inda aka share, an zaɓo muku mutum uku da aka haddatar da su amsa. Ku dawo ba sanarwa, ƙarfe biyun dare, ku shiga ta ƙofar baya. Ku ce a kunna muku injin zuƙe hayaƙin, ku ce a nuna muku kwaɗon, sannan ku tambayi inda yaron nan yake. Murfin injin yanka dai tun safiyar yau ya koma jikin bango.