Na Sha Kaye a Hannun Dutse

Anubias shuka ce ta cikin ruwa da ake sawa a tankin kifin ado, mai haƙuri, amma tana da sharaɗi ɗaya: kada a binne gindinta cikin yashi, ruɓewa take yi. Ita dai a ɗaure ta da zare a jikin dutse ko itace, saiwarta ta kama da kanta. Ni kuwa ba ni da jimirin ƙulle-ƙullen zare, sai na ɗauko supagulu, tunda masu kiwon kifin ado sun ce in ya bushe ba ya cutar da ruwa. Na manna ta a kan wani dutse mai ruwan toka da fararen jijiyoyi, abin sha'awa. Na haɗa har da babban yatsana. Haka na yi ta zagaye ɗaki riƙe da dutse kamar mai shirin jifan ɓarawo, yara suna ta ɓuya bayan kujera.

Kifayena 'yan ƙanana ne masu layin shuɗi da ja, neon tetra, asalinsu kogunan yankin Amazon. Ruwa mai laushi suke so, wato wanda ma'adinai ba su yi yawa a cikinsa ba, mai ɗan tsami-tsami, wanda ma'aunin pH ɗinsa bai wuce 7 ba (pH lamba ce ta auna tsamin ruwa: in ta hau, tsami ya ragu ke nan). Ruwan famfona kuwa daidai nan yake tsayawa. To amma da tafiya ta yi tafiya, in na tsoma takardar gwaji a tankin sai in ga tana haurawa wajen 8. Kifi suka dusashe, suka daina zuwa gaba. Wani farin layi ya fito a bakin gilashi, in ka kankare yau, jibi ya dawo.

Na fara bincike daga cikin gida.

"Auta, zo nan. Me ka zuba wa kifina?"

"Wallahi Baba, kallo kawai nake yi."

Uwargida daga can ta ce, "Maigida, ƙyale yaron nan. Ƙila kifin ne suka gaji da ganin fuskarka manne da gilashi."

Na canza ruwa, lamba ta sauka, na yi murna, ta sake hawa. Na jefa busasshen itace don ya ɗan tsamama ruwan, ya rina shi ja, lamba ta ɗan rusuna sannan ta miƙe abinta. Daga nan na shigo da na'urar hura iskar CO2, wai don shuka ta ji daɗi. Ashe mai na ƙara wa wuta, domin iskar nan in ta shiga ruwa tana zama ɗan asid, asid kuwa narkar da irin wannan dutse yake yi. Ruwa ya ƙara nauyi, wato ma'adinan dutsen sun ƙaru a cikinsa. Masu cin riba su ne dodannin koɗin da ke cikin tankin: sun samu kalsiyam kyauta, ɓawonsu sai sheƙi, sun hayayyafa har suna layi a jikin gilashi. Ita kuma Anubias ko a jikinta, sabon ganye ma ta fitar.

Wani abokina da ya daɗe a harkar ya zo, ya leƙa tankin, ya ce a ba shi ruwan khal da ragowar dutsen. Ya ɗiga a kai. Nan take wurin ya hau kumfa, ƙananan ƙwayoyi suna tasowa, in ka kawo kunne har "siii" kake ji.

"Malam, ga mai laifinka. Dutsen farar ƙasa ne. Kullum narkewa yake yi a hankali, duk tsamin da ka zuba shi ke shanyewa. Da baƙin dutsen aman wuta ka sa, da ba ruwansa da kowa."

Auta ya kalle ni, na kalli silin.

Na je ɓamɓare shukar, saiwa ta riƙe dutse gam, ta ce ba inda za ta. Sai na mayar da tetra wani ƙaramin tanki mai dutsen aman wuta, na zuba wasu ƙananan kifayen ado da ake kira gupi a babban, tunda su ruwa mai nauyi ne abin ƙaunarsu. Abin da ba wanda ya jaddada mini shi ne gupi ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi, kuma ba sa hutu. Yanzu tanki na uku na kan teburin guga.

Jiya uwargida ta same ni ina auna bango da igiyar awo. Ta ce, "Maigida, in na huɗu ya shigo gidan nan, da kai da dutsenka a baranda za ku kwana."