Tunda ta riga ta warke, me ya sa Yesu ya tsaya?

Ranar Lahadi an karanta mana Markus 5:25-34 a sujada, labarin matar nan da ta shekara 12 tana zubar jini. Tun ina makarantar Lahadi nake jin sa, amma wannan karon wata tambaya ta tsaya mini a rai.

Yayirus, ɗaya daga cikin shugabannin majami'a, ya zube a gaban Yesu, 'yarsa mai shekara 12 rai a hannun Allah. Ana sauri zuwa gidan Yayirus, jama'a ana ta turereniya. Sai matar ta raɓo ta baya ta taɓa rigar Yesu, nan take jinin ya tsaya. Buƙata ta biya. Da an ƙyale ta, da ta sulale gida ba wanda ya sani. Amma Yesu ya ja ya tsaya, wai wa ya taɓa rigarsa. Almajiransa ma sai da suka yi mamaki: cikin wannan cunkoso?

Sai ka koma Littafin Firistoci 15:25-27 za ka gane irin zaman da ta yi. Bisa ga Shari'a ita marar tsarki ce muddin jinin na zuba. Shimfiɗarta da duk abin da ta zauna a kai sun ƙazantu, wanda ya taɓa su sai ya wanke tufafinsa, ya yi wanka, ya jira yamma. Ku lissafa wannan har shekara 12. Ga kuma talauci, don Markus ya ce ta sha wuya a hannun masu magani, ta ƙarar da abin hannunta, ciwo sai gaba yake yi. (Luka, da yake shi likita ne, ya ɗan sassauta maganar, ya ce dai ba wanda ya iya warkar da ita.)

Ni a ganina, da Yesu ya bar ta ta tafi a ɓoye, da jikinta kaɗai ya warke. A idon gari tana nan yadda take. Shi ya sa ya sa ta fito, jikinta na rawa, ta faɗi gaskiya duka, sannan ya kira ta "'yata" a gaban shugaban majami'a. Yayirus ya zo ne yana roƙo domin tasa 'yar. Ita kuwa ba wanda ya yi magana dominta, sai Yesu ya tsaya mata. Bai ce ta ƙazantar da shi ba, bai kuma karɓi ko sisi ba, masu sayar wa marasa lafiya mai da hankici sai su lura.

Abin ya tuna mini wata baiwar Allah a ikilisiyarmu ta ƙauye. Doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, jaririn bai zo da rai ba, miji ya mayar da ita gidan iyayenta. Tana zuwa sujada, amma a bakin ƙofa take shimfiɗa tsohon buhu ta zauna, kafin a yi addu'ar sallama ta fice. Daga baya aka haɗa kuɗin mota aka kai ta asibitin Jankwano a Jos, aka yi mata aiki, ta dawo garau. Mun yi waƙa, mun yi guɗa.

To, Lahadin da ta biyo, a bakin ƙofar nan ta sake zama. Ranar cin abincin zumuntar mata kuma kwanonta daban aka ware mata kamar kullum. Ba na zargin kowa, don ni na miƙa mata kwanon da hannuna.

Wata tsohuwa ce ta raba mu da wannan abin kunya. Ana tsakiyar waƙa ta tashi, tana dogara sandarta har bakin ƙofa, ta naɗe buhun ta soke a hammata, ta kama hannunta ta ce, "Taso, 'yata, ƙafata na ciwo, ki zauna kusa da ni ki riƙa buɗe mini littafin waƙa." Tsohuwar nan ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa ba.