Ta fita ta je ina, kuma da me?

Tun jiya raina yake a ɓace kan labarin da ke yawo na wata mata da aka sallama daga aiki don ta yi fashin zuwa bayan mijinta ya doke ta. Da yawanku kun gani, kun tofa albarkacin bakinku, wasu har da ɗan hoton nan mai hawaye. Wai ba ta bi ƙa'idar neman izini ba, in ji masu kamfanin. Madalla da ƙa'ida. Ashe kafin miji ya fasa miki baki kamata ya yi ki cike takarda ki miƙa wa manaja, ki rubuta ranar da za a doke ki da ranar da kike sa ran kumburin zai sauka. Mace ta kwana a asibiti, ta wuni a ofishin 'yan sanda, ta je kotu ta karɓo takardar da ta hana shi kusantarta, ta dawo ta tarar da takardar sallama a kan teburinta. Ta farko ta ce kada ya kuskura ya zo inda take. Ta biyu ta tabbatar da cewa kafin wata ya mutu ita da ƙafarta za ta koma inda yake.

Sai ga gwanayen sharhi sun iso da tambayarsu ta gado: to me ya hana ta fita tun farko? Malam, ta fita ta je ina, kuma da me? Amsa min wannan tukuna, sannan mu ci gaba.

Duk wanda ya taɓa zama da macen da ta tsero daga irin wannan gida ya san ba da mari ake farawa ba, da aljihu ake farawa. Kawo katin bankinki in ajiye miki, ke ba ki iya tattali ba. Bar aikin nan, da me na rage ki? In ta ƙi bari sai ya dinga kiran wayar ofis ba ƙaƙƙautawa, ya ɓoye makullai da safe, ya tayar da rigima cikin dare daidai ranar da take da muhimmin taro, ya zo bakin ma'aikata ya kafe har masu wurin su ga rabuwa da ita ya fi musu sauƙi. Wani ya ci bashi da sunanta, ya sa ta sa hannu tana kuka, ya cinye kuɗin, banki kuwa ita ya sani. Kafin hannunsa ya kai fuskarta ya riga ya ɗaure mata ƙafa. Shi mai dukan ya gane abin da 'yan majalisa da yawa suka kasa ganewa: macen da ke da albashinta da ɗakin da za ta kwana, ranar da ta ga dama za ta tafi.

Don haka ni duk dokar da ta tsaya a kan "a kama shi, a ɗaure shi" rabin doka ce a wurina. An ɗaure shi, to, Allah ya ƙara. Wa zai biya haya? Wa zai biya kuɗin makarantar yara? Sai matar ta zauna ta yi lissafi ta ga wanda ke dukan nata shi ne ke riƙe da rufin da ke kansu, ta lallaɓa ta janye ƙara, 'yan sanda su watsa hannu su ce ai su matan ne ba sa son a taimake su. An yi ba a yi ba. Takardar kotu ba ta biyan haya, ba ta sayen magani, mai gidan haya ba ya karɓarta a ƙarshen wata.

Kuma kada wani ya ce min wai mafarki nake, ko wai babu inda aka taɓa yi. An yi, an daɗe da yi.

Ku je ku karanta labarin Maria da Penha ta ƙasar Birazil. A 1983 mijinta ya harbe ta tana barci, ya ce ɓarayi ne. Ta rayu, amma ƙafafunta suka shanye har abada. Da ta dawo gida daga asibiti ya sake gwada kashe ta, wannan karon da wutar lantarki tana wanka. Shekara goma sha tara ta yi tana bin shari'a a keken guragu kafin a kai shi gidan yari a 2002, shi ma sai da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ɗora wa gwamnatin ƙasar laifin sakaci. A 2006 aka yi dokar da ke ɗauke da sunanta. Abin da ya fi burge ni a dokar wani sashe ne da mutane ba su cika ambata ba: alƙali yana da ikon ya ba da umarni a riƙe wa matar gurbin aikinta har tsawon wata shida idan dole ta sa ta nisanci wurin don tsira da ranta. Dokar kuma ta lissafa ƙwace mata dukiya, takardu da kayan sana'a a cikin nau'o'in cin zarafi, daidai da duka. Waɗanda suka rubuta ta sun saurari mata kafin su ɗauki alƙalami, da gani ka sani.

Filifin tun 2004 ta ba macen da ake cin zarafinta hutun kwana 10 da albashinta. Indiya a dokarta ta 2005 ta ce matar tana da haƙƙin ci gaba da zama a gidan auren ko da ba sunanta ne a takardar gidan ba, kuma kotu na iya yanka wa mijin kuɗin da zai biya ta. Ostiriya, ta Turai nake nufi, tun 1997 ta juya lissafin gaba ɗaya: 'yan sanda na zuwa su fitar da mai dukan, su karɓe makullinsa, ita da yara su ci gaba da kwana a gadonsu. Ku lura da wannan da kyau. Me ya sa kullum wadda aka daka ce za ta kwashi yara da jaka cikin dare, shi kuwa ya miƙe ƙafa a falo?

A Niyu Zilan wata 'yar majalisa, Jan Logie, wadda ta yi aiki a gidan mafakar mata kafin ta shiga siyasa, ita ta ja ƙudurin hutun kwana 10 da albashi har ya wuce a 2018. Da ƙuri'a 63 ya wuce, 57 suka ƙi. Mutum 57, da kwat da taye da albashinsu mai tsoka, suka duba suka ce kwana goma ya yi yawa ga wadda ke neman inda za ta ɓoye 'ya'yanta. To a ko'ina akwai irinsu.

Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta Ostireliya da ta fara aiki a 2023. Kwana 10 ne su ma, da cikakken albashi, har da ma'aikatan wucin gadi, waɗanda galibi su ne aka fi mantawa da su. Sai suka ƙara wani ɗan abu: an hana mai kamfani ya rubuta a takardar albashi cewa irin wannan hutun ta ɗauka. Kun san dalili? Saboda mai dukan ne ke buɗe takardar albashin. Shi ke duba wayarta, shi ke ƙirga kowane kwabo da ya shigo. In ya ga albashi ya ragu zai tambayi inda ta je, in ya ga sunan hutun ya gane tana shirin gudu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya sa wannan layin a doka ya shiga ɗakin ya gani da idonsa. Kwana goman nan ba na hutawa ba ne. Na zuwa kotu ne, da neman ɗaki, da sauya wa yara makaranta, da buɗe sabon asusu, duk a lokacin da shi ya ɗauka tana wurin aiki.

A Amurka ma, dokarsu ta 1994 kan cin zarafin mata sai da aka dawo a 2005 aka ƙara mata kariya ta gida, cewa ba za a kori mace daga gidan da gwamnatin tarayya ke tallafa wa hayarsa ba don kawai an ci zarafinta a ciki. Ku yi tunanin abin da ya sa aka buƙaci rubuta hakan. Ana korar mata ne saboda hayaniyar dukan da ake yi musu ta dami maƙwabta. Najeriya a dokarta ta 2015 ta sanya korar abokin aure daga gida da ƙarfi da tauye shi ta fuskar kuɗi a cikin laifuka, Ingila kuma a 2021 ta ambaci cin zarafi ta hanyar kuɗi ƙarara a ma'anar da doka ta ba cin zarafin cikin gida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma a 2019 ta amince cewa abin da ke faruwa a gida yana bin ma'aikaci har wurin aiki.

Yanzu bari in juyo kan masu "amma".

Amma wa zai biya, kamfanoni za su durƙushe. Allah sarki kamfanoni. Kun ba da hutun rashin lafiya ba ku durƙushe ba, kun ba da na haihuwa duniya ba ta tashi ba. Ko yanzu ma kuna biya, ba ku dai lissafa ba ne: ma'aikaciyar da ta zo ba ta runtsa ba, hankalinta na kan ƙofa, da wadda za ku ɗauka ku horar daga farko bayan kun kori waccan. Wuce.

Amma mata za su dinga ƙarya don su samu hutu. Haba ɗan'uwa. Mace ta je gaban manajanta, wanda za ta ci gaba da gaisarwa kowace safiya, ta ce mijina na dukana, don ta samu kwana biyu ta yi barci? Matan da ke ɓoye tabo da hoda da baƙin tabarau, suna cewa ƙofa ce ta buge su? Matsalar da ake fama da ita su faɗa ɗin ne ma ba sa yi. Ban da haka dokokin nan sun ba mai kamfani damar neman shaida, ta kotu ko ta 'yan sanda ko makamancinta. Wuce kai ma.

Amma ai maza ma ana cin zarafinsu. Ƙwarai kuwa, kuma dokar Niyu Zilan da ta Ostireliya ba su ce mace ba, ma'aikaci suka ce. To ka goyi bayanta mana. Abin mamaki, ba ka tuna da mazan da ake duka sai ranar da ake maganar mata.

Amma wannan zai kashe aure, a bar iyali su sasanta, ta yi haƙuri. Wanda ya ɗaga hannu shi ya kashe auren, albashin kwana goma bai san hawa ba bai san sauka ba. In har abin da ke riƙe da auren shi ne ba ta da kuɗin mota, sunansa garkuwa da mutum. Ta koma gidan iyayenta, in ji wani. In suna raye, in suna da ɗaki, in ba su ne za su mayar da ita da safe ba. Ta je ina, kuma da me?

Bari in ajiye gatse in yi muku magana tsakani da Allah. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai mata da 'yan mata kusan 51,100 ne abokan zamansu ko danginsu suka kashe. Mutum 140 ke nan a kowace rana. Kuma masu aikin taimakon irin waɗannan mata sun daɗe suna faɗa cewa lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da take ƙoƙarin tafiya da ɗan bayan tafiyar, don a nan ne yake ganin abin ya kuɓuce masa. Ke nan in ka ce wa mace ta fita ba ka tanadar mata wurin zuwa da abin riƙewa ba, ka tura ta cikin mafi munin kwanakin rayuwarta hannu rabbana. In ta koma kuma haɗarin bai ragu ba, don yanzu ya san ta taɓa gwadawa. Na san a cikin masu karanta wannan akwai wadda ba za ta danna komai ba, ba za ta yi sharhi ba, za ta ma goge tarihin wayar in ta gama. 'Yar'uwa, ba wauta ce ta zaunar da ke ba, lissafi kika yi, kuma lissafin naki daidai ne da abin da aka bar miki. Waɗanda ya kamata su sauya lissafin suna majalisa. Su riƙe miki aikinki, su ba ki damar fita daga yarjejeniyar haya ba tara, su sauke miki bashin da aka ci da sunanki, su sa kuɗi na gaske a gidajen mafaka, su fitar da shi ba ke ba. In an kashe ki kuma su taru su yi shiru na minti ɗaya, wannan ihu ne bayan hari.

Af, tunda na ambaci asusu, ku masu aikin banki da ke bibiyata ina da magana da ku. A 2020 wani babban banki a Ostireliya ya gano cewa maza da aka toshe a waya da Facebook sun koma tura wa matan ɗan ƙaramin kuɗi, wani lokaci santi ɗaya tak, don kawai su rubuta zagi da barazana a gurbin nan na bayanin kuɗi. Dubban mutane abin ya shafa cikin wata uku, sai da bankin ya sauya ƙa'idojinsa. Ni dai na duba manhajar bankin da nake amfani da shi sama da ƙasa, ban ga inda zan toshe mai turo min kuɗi ba. Inda za a ba ni bashi kuwa, wannan maɓallin ya fi komai girma a shafin farko. Wani a cikinku ya tambayar min ogansa dalili.