Disambar Jamus: ku bar kantuna a rufe ran Lahadi

Duk shekara da zarar Disamba ta kama, sai a fara ƙorafi: wai don me a watan da ciniki ya fi tashi za a riƙa garƙame kantuna ran Lahadi? Jama'a, ni dai ina bayan rufewar.

Wanda bai taɓa yin hunturu a nan ba, da wuya ya gane irin gajiyar watan nan. A Berlin, wajen 21 ga wata, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Ka tafi aiki da duhu, ka dawo da duhu. A cikin duhun ne kuma ake hada-hadar: kasuwannin Kirsimeti da rumfunansu na katako sun cika dandalin kowane gari (ta Dresden tun 1434 take ci), jiragen ƙasa maƙil, kowa da jerin mutanen da zai saya wa kyauta.

Ka dubi masu raba kaya. Mota rabi a titi rabi a hanyar masu tafiya a ƙasa, saurayi ya rungumo kwalaye har haɓa, yana haurawa bene na huɗu a gidan da ba lif. Idan ba ka nan, sai ya danna ƙararrawar maƙwabci ya bar kayan a wurinsa, ya jefa maka 'yar takarda a akwatin wasiƙa. Tsohuwar da ke hawan ƙasa a gidanmu, zaurenta kan koma sito a watan nan. Mutanen da suka shekara suna wuce juna a matakala ba gaisuwa, kwali ne ke sa su san sunan juna. Haka in dusar ƙanƙara ta zuba: share gaban gida da watsa tsakuwa wajibi ne kan mai gida ko 'yan haya, don wanda ya zame ya karye na iya maka ka a kotu. Shi ya sa da sassafe za ka ji ƙarar shebur tun kafin gari ya waye.

To, mutanen da ke wannan wahala kwana shida, yaushe za su zauna? Al'adun watan nan kusan duk na zaman gida ne. A Lahadi huɗu da ke gabanin Kirsimeti, kowace Lahadi ana ƙara kunna kyandir ɗaya a kan tebur, abin da ya samo asali daga wani malamin addinin Kirista mai suna Johann Hinrich Wichern, wanda ya ƙirƙiro shi a Hamburg a 1839 don yaran talakawan da yake riƙo. Daren 5 ga wata yara na goge takalmansu su ajiye bakin ƙofa, da safe su tarar da alewa a ciki. Matar da ke zaune a kan na'urar karɓar kuɗi ita ma tana da 'ya'ya. In aka buɗe kanti, ita za a fara kira.

Birnin Berlin ya taɓa gwadawa, ya ba da damar buɗewa a duka Lahadin huɗu. A 2009 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta ce a'a, domin kundin tsarin mulkin ƙasar ya kare Lahadi a matsayin ranar hutu. Ran 24 ga wata ma da ƙarfe 2 na rana ake rufewa, 25 da 26 kuma hutu ne. Ran 23 sai ka ga ana turereniya da kekunan sayayya kamar an yi shelar yunwa, alhali kwana biyu da rabi ne kacal.

Ni ba na bikin Kirsimeti, amma hutun bai tambayi addinina ba kafin ya shigo gidana. Na san akwai waɗanda dokar ba ta kai gare su: ma'aikatan asibiti, direbobin jirgi, masu gidajen abinci. Sannan kantin intanet ba ya rufewa. Duk abin da muka latsa a waya ran Lahadi muna kwance, saurayin nan mai kwalaye ne zai hau bene da shi a cikin mako.