Ku zauna kusa da su tun suna gane ku

Assalamu alaikum ƴan uwana matasa, musamman ku da iyayenku suka fara manyanta.

Makon jiya na je dubiya wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi. Dattijon gidan yana ɗaki yana kokawa da numfashi, matarsa tana yi masa fifita, ƴaƴansa maza uku kuma suna zaure, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Na ja babban gefe na tambaye shi yaushe rabon da ya zauna awa guda cur a gefen mahaifinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ba na iya kallonsa a haka." Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da bakina na taɓa faɗar wannan magana. Amma tun da na dawo gida abin yake cina.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Ya yi Kano, ya yi Kwatano, ya yi Agadas. Taba kuwa ya sha ta kusan shekara 30, sai da ya dawo daga aikin hajji ya yar da ita, muka ɗauka an rabu ke nan. Tari ya fara masa da shigowar hunturu, muka ce ƙura ce. Hunturu ya wuce, tari bai wuce ba. Murya ta dushe, riguna suka fara yi masa yawa, wata safiya Inna ta ga jini a cikin majinar da ya tofar. Aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka, wanda ake sha wata 6. Mun yi murna ma, don tarin fuka ana warkewa, maganin kuma kyauta ne. Wata biyu yana sha babu fashi, ramewa sai ƙaruwa take yi.

Ciwon daji na huhu da tarin fuka kamanninsu ɗaya a ido: tari mai daɗewa, jini a majina, ciwon ƙirji, rama. Idan an ɗora tsohonku a kan maganin tarin fuka, makonni suka shuɗe babu sauƙi, musamman in ya taɓa shan taba, ku koma wurin likita ku faɗa masa, kada ku zauna jiran wata shida su cika. Huhu ba ya saurin kai ƙara, shi ya sa mafi yawan masu ciwon dajin huhu ba a gano shi sai ya yi nisa.

Mu ma sai da muka kwashi hanya, sama da kilomita 600, muka je Yamai. Aka yi hoton sikana, aka ɗebi ɗan nama aka auna. A Yamai ɗin akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da cutar kansa, wato ciwon daji, wadda tun 2021 take da na'urar ƙona cutar da haske, kuma na shiga da wannan fata a raina. Likitan ya sa Baba ya jira a waje, ya juyo mini da hoton, ya ce ciwon daji ne, ya nuna mini inda abin ya kai: huhu, hanta, ƙashin baya. Ya ce warkewa ba ta hannunsu, amma rage wahala tana hannunsu, kuma in koma da shi gida cikin iyalinsa. Da na fito Baba ya dube ni ya ce, "Me suka ce?" Na ce, "Sanyi ne ya yi yawa, Baba, sun ba da magani."

Daga wannan ƙarya na shiga yawo. Wata biyu cur ban zauna ba. Aka ce akwai wani mai magani a wani ƙauye bayan Madarumfa, na je. Aka ce sammu ne, abokan tuƙi ne suka jefe shi, na biya aka yi karya sammu. Wani a WhatsApp ya rantse mini cewa garinsa ya warkar da mutum goma, na tura masa jika 150, ya aiko da gora biyu na wani baƙin ruwa da ya sa Baba amai kwana uku. Na bi ta Ɗan Isa na tsallaka Katsina da takardu, likitan can ya maimaita mini abin da na Yamai ya faɗa. Na sayar da filina. Duk wanda ya gan ni sai ya ce ɗa na gari, yana ta ɗawainiya da uba. Ni kaɗai na san gudu nake yi. Hanya ta fi mini sauƙi a kan in zauna a ɗakin nan in ji ƙarar numfashinsa.

Kada wani ya ce na hana neman magani ko addu'a. Addu'a ba mu taɓa dainawa ba, kuma Allah mai iko ne a kan komai. Amma duk wanda ya ce maka tabbas zai warkar da kansar da ta bazu a jiki, ya kuma yanka maka kuɗi kafin ya taɓa majinyaci, aljihunka ya hango. Kuɗi kuwa ko sun tafi ana sake samu. Wata biyun nan da Baba yake iya zama a kan tabarma ya yi hira, yana dariya, yana gane kowa, su ne ban same su ba har yau.

Shi ya tsayar da ni da kansa. Wani dare na dawo da wata sabuwar laya, ya ce, "Kai, zo nan zauna." Na durƙusa. Ya ce, "Shekara talatin ina tuƙi, na san kukan injin da ya gama aiki. Kai kana ɓoye mini, ni ina ɓoye wa uwarka, ita tana ɓoye mana hawayenta. Ya isa. Ɗauko takarda da biro." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu a nan muna ganin ɓoye wa majinyaci gaskiya tausayi ne, muna cewa kada a karya masa zuciya. Ban ce ku faɗa wa tsoho magana gatsau ba, akwai ma wanda ba ya son ji, shi sai a ƙyale shi. Amma idan ya tambaya, ya sake tambaya, to yana da haƙƙin ya sani, domin yana da shirin da babu mai yi masa. A daren nan Baba ya lissafa mini bashin da ke kansa, har da jika 12 na wani mai sayar da taya a babbar kasuwa da shi mai tayar ma ya manta. Ya faɗi amanar da aka ba shi ajiya. Ya yi wasiyya, ya kuma tuna mini da kansa cewa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Ya sa aka kira ƙanensa da suka yi shekara 7 ba sa ga maciji saboda gonar gado, suka yafi juna suna kuka. Da na ci gaba da cewa sanyi ne, da duk wannan ya tafi da shi kabari.

Kwana 26 muka samu bayan wannan dare, kuma a cikinsu na koyi cewa jinya aiki ce ta hannu. Mai ciwon huhu ba ya son kwanciya rigingine, numfashi yake tsaya masa. Muka tara matasai a bayansa yana kishingiɗe, wani lokaci ya kifa ƙirjinsa a kan matashi a bisa ɗan tebur. Iska a fuska tana rage masa jin shaƙewa, don haka idan wuta ta ɗauke, mafici ne a hannuna har asuba. Muka ɗauke murhu daga ƙofar ɗakinsa, muka hana turaren wuta, ba a shara sai an yayyafa ruwa. Da ruwa ya taru masa a ƙirji muka kai shi asibiti aka zuƙe, ya samu kwanaki yana barci. Da ya daina iya juyawa, duk bayan awa biyu sai mu juya shi don kada bayansa ya yi gyambo.

Sai maganar ciwo, wadda mutane suke wasa da ita. Idan cutar ta shiga ƙashi, zafinta ba na farasitamol ba ne. Likita ya rubuta morfin, dangi suka tayar da hankali, wai ƙwaya ce, wai ita ke ƙarasa mutum. Ba haka ba ne. Idan likita ya auna, aka ba da ita a kan lokaci, tana kwantar da ciwo, tana kuma sassauta wahalar numfashi. Takan ɗaure ciki, sai a nemi maganin wannan tun farko. Samunta a nan akwai wuya, sai an yi naci, amma ku yi nacin, kuma kada ku sayi komai a hannun masu tallar magani a tire. Na ji wani yana cewa a bar shi ya sha wahala, kankarar zunubi ce. Allah yana ba da lada a kan haƙuri, bai ce mu zuba wa iyayenmu ido suna murƙususu alhali akwai sauƙi ba. Sai da ciwon ya lafa Baba ya iya yin salla da natsuwa. Yana taimama, ya yi a zaune, daga baya a kan gefensa, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Imrana ɗan Husaini.

Ku maza, da ku nake musamman. A gidajenmu jinya a kan mata take faɗawa. Uwa da ta tsufa ita ma, da ƴa mace mai goyo, su ne wanki, su ne zubar da fo, su ne kwana a zaune, namiji kuma ya tura kuɗi ta Nita ya ce ya sauke nauyi. Ni ɗan fari ne, sunan kakana gare ni, don haka tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ranar da ya kasa kai kansa bayan gida, na tsaya a bakin ƙofa kunya ta riƙe mini ƙafa, Inna tana ƙoƙarin ɗaga shi ita kaɗai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shiga na ɗauke shi. Mutumin da yake jefa buhun gero a mota da hannu ɗaya, na ji shi a hannuna kamar ƙaramin yaro. Na wanke shi, na shafa masa man kaɗanya, shi yana kallon bango, ni ina kallon ƙasa. Da na gama ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ayar nan ta Suratul Isra'i da ta hana mu ce wa iyaye ko da "uf", a irin wannan wuri ake gane nauyinta, ƙarfe uku na dare, karo na huɗu da za ka sauya zanen gado.

Masu zuwa dubiya kuma, Allah ya ba ku lada, amma ku taƙaita. Ɗaki ya cika da mutum goma, kowa da labarin wanda ya mutu da irin ciwon, majinyaci yana neman iskar da zai shaƙa. Wasu kuma suka ƙi shan ruwa a gidanmu, alhali kansa ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Wani dattijo har cewa ya yi, "Ai tabar nan ce." Ya sani, mu ma mun sani, faɗar ba ta ƙara masa komai ba sai baƙin ciki. Ku da huhunku yake da sauran lafiya ne ya kamata a faɗa wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na kansar huhu daga taba take, kuma babu kansar da ta kai ta kisa, mutum wajen miliyan 1.8 a shekara. Shishar da kuke zagayawa a fada da dare hayaƙi ce, ƙamshin tuffa bai mayar da ita ruwa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A makon ƙarshe ya daina cin abinci. Inna ta dama kunun gyaɗa, ta kawo fura, ya kau da kai, ta fita tana share hawaye. Wani ma'aikacin jinya maƙwabcinmu ya zaunar da mu ya ce kada mu yi masa ɗura, jiki ne ya daina buƙata, kuma abin zai iya sarƙe shi. Sai muka koma jiƙa auduga muna shafa masa a leɓe. Barci ya yi yawa, magana ta ragu, numfashi ya koma yana ɗaukewa yana dawowa, da wani gurnani a maƙogwaro wanda ya fi tsorata mu a kan yadda yake damunsa. Muna karanta masa Alƙur'ani a hankali, muna yi masa magana ko bai amsa ba.

Daren Alhamis ina riƙe da hannunsa, mafici a ɗaya hannun, ya buɗe ido ya kira ni da sunana na yanka, karo na farko a rayuwata. Ya ce in riƙe Inna da ƙannena. Na ce to, Baba. Ban ce masa ya yi kalmar shahada ba, ni na riƙa faɗinta a hankali kusa da kunnensa, kamar yadda liman ya koya mini, har na ga leɓensa yana motsi tare da nawa. Ana kiran assalatu a masallacin unguwa ya cika. Na rufe masa ido, na yi kuka sosai, ban kuma ji kunyar kukan ba.

Bayan sadakar uku na ɗauki takardar nan na shiga kasuwa ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai tayar ya karɓi jika 12 ɗin, ya juya su a hannu, ya mayar mini ya ce a sa a sadakar Alhaji. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya ba dattijon Ali Ɗan Sofo sauƙi. Jiya ɗansa ya kira ni yana tambayar yadda ake jera matasan.