Wai don kowa na yi, ya daina zama zunubi?

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wani labari da na ci karo da shi na satar amsa a jarrabawa shi ne maganar wani uba da ya ce wai zamani ne ya zo da haka, kowa da gaskiyarsa. Ni Kirista ce, kuma abin kunya, na sha jin irin wannan a bakin ƙofar majami'armu bayan an tashi sujada. Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta ba da shaida cewa ɗanta ya ci jarrabawa, muka yi ta guɗa, alhali ita da bakinta ta gaya mini nawa ta ba mai sa ido. Da na yi mata magana sai ta ce, "Haba Maman Rifkatu, ai ba kisan kai na yi ba."

To Akan ma, wani Ba'isra'ile a Littafi Mai Tsarki, ba kisan kai ya yi niyya ba. A Joshuwa sura 7, alkyabba ɗaya ya ɗauka daga ganimar da Allah ya haramta, da shekel 200 na azurfa da sandar zinariya, ya binne a cikin alfarwarsa. Mutum wajen 36 suka mutu a yaƙin garin Ai saboda abin da shi yake gani ƙarami ne. Littafin Mahukunta kuwa da ya ƙare da cewa kowa na yin abin da ya ga dama, ba yabo yake yi ba.

Ɗan 'yar'uwar nan dai yanzu aikin jinya yake karantawa. Wata rana shi zai riƙe allura a kan wani.