Mai shayin ƙofar asibiti

Akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi a rai, yau dai bari in amayar.

Lokacin da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yake kwance a asibiti, ni ne mai jinya. Duk wanda ya taɓa jinya ya san yadda darenta yake: tabarma a baranda, sauro, takardar magani a aljihu, kuɗi sun ƙare. 'Yan dubiya kan zo da la'asar da lemo da ayaba, kowa ya faɗi maganin da ya ji an ce yana yi, a yi addu'a a watse. Sun yi zumunci, Allah Ya saka musu. Sai dai kowa da bakinsa ya zo, babu wanda ya zo da kunne.

Wani dare wajen ƙarfe biyu na fita ƙofar asibiti, ban san ma inda na nufa ba. Wani dattijo mai shayi har ya fara kife kofuna zai tashi. Da ya dube ni sai ya mayar da buta kan garwashi, ya ce, "Ɗana, zauna. Wa ke kwance?"

Wallahi kusan awa guda ina magana. Bashin da na ci, tsoron da nake ɓoye wa mahaifiyata, har da saɓanin da na yi da tsoho shekarun baya ban nemi gafararsa ba. Bai katse ni ba, bai yi mini wa'azi ba. Sai dai "to", "ina jin ka". Da na yi shiru ya ce, "Tun da yana da rai, shiga ka roƙe shi yanzu." Na miƙa kuɗin shayi da burodi, ya ture hannuna. Na ce, "Baba, sana'arka ce fa." Ya ce in ƙara a na magani.

A daren na roƙi mahaifina gafara. Kwana huɗu tsakani ya rasu.

Tun daga nan nake tuna Utba ɗan Rabi'a, da ya zo wa Manzon Allah (SAW) da tayin dukiya da sarauta don ya bar kiransa. Annabi bai tari numfashinsa ba, sai da ya kai aya, sannan ya tambaye shi ko ya gama, ya karanta masa farkon Suratu Fussilat. Abokin gaba ke nan fa aka saurara haka! Kuma ranar Ɗa'ifa, da aka jefe shi har ya yi jina-jina, wanda ya kawo masa inabi Addasu ne, Banasare mutumin Nainawa, baran gidan su Utban nan.

Mu kuwa yanzu mutum zai rubuta damuwarsa a Facebook, ba mu kai layi na uku ba mun hau yi masa fatawa. Matarka na ba ka labari, idonka na kan waya. Abin nan yana ci mini rai, don na san abin da awa ɗaya ta sauraro ta yi mini.

Bayan sadakar arba'in na koma da ɗan abin da ya sawwaƙa. Na tarar da wani yaro a teburin, ya ce Baba ya tafi gida noman damina. Sau biyu na sake komawa ban same shi ba. Har yau ina sa shi a addu'a tare da mahaifina, da sunan da na san shi da shi kawai, Baba mai shayi.